Kwanson da Ba Ya Warin Albarushi

Kakana tsohon maharbi ne, ya makance tun kafin Baba ya ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidanmu a Gudu. Yana da gwangwani cike da kwanson harsashi na tagulla, gadon mahaifinsa, kuma da hannu yake gane su. In ya shafa gindin kwanso ya ji 'yar ƙusa a gefe, sai ya ce wannan ya girmi sauran. Waɗansu kuwa tsinke yake zurawa ciki, ya ƙirga hujin ƙasa, ɗaya ne ko biyu.

Wata la'asar ƙawata ta zo, na so in ba ta dariya. Na miƙa masa murfin jan-bakin Mama.

"Kaka, wannan fa?"

Ya shafa gindin, ya zura tsinke, ya daɗe yana nema. Muna ta ƙunshe dariya. Sai ya kai hanci ya shinshina.

"Amarya, wannan ba ya warin albarushi. Mayar wa uwarki."

Ya lalubo murfin gwangwaninsa, ya rufe a hankali.

Gwangwanin yana ɗakina yanzu. Har yau ban iya buɗe shi ba.