An Ce Wa Uwar Yagana Ba Ta Nan

Shekarar Yagana goma sha ɗaya ranar da 'yan bindiga suka afka wa garinsu a Borno. Tana bakin rafi tana wanki ta ji harbi, ta bi ayarin masu gudu cikin daji, ba ta ƙara sa mahaifiyarta da ƙaninta Bukar a ido ba. Da ganye da ruwan kududdufi ta rayu, har wani direban babbar mota ya tsince ta a bakin titi ƙafafunta duk sun farfashe, ya kawo ta tashar Unguwa Uku a Kano.

A nan Hajiya Zainab, mai sayar da abinci a Gyaɗi-Gyaɗi, ta gan ta, ta tafi da ita gida. Da fari kam tausayi ne. Ta yi mata wanka, ta ba ta sutura, ta ce sunan nan nata bai zauna mata a baki ba, daga yau ita ce Hafsat. Amma da ta lura yarinyar ba ta da ƙiwa, kuma ba ta da mai tsaya mata, sai ta sallami masu yi mata aiki. Wanke-wanke, jajjage, hura wuta, kai niƙa, duk suka dawo kan Yagana.

Ita aikin bai dame ta ba. Duk sanda aka aike ta kai abinci tasha, sai ta tare direbobin Maiduguri.

"Baba, don Allah ko ka ga wata mata doguwa mai suna Ya Kaltume, da ƙaramin yaro?"

Wani ya girgiza kai, wani ya ce zai cigita. Da maganar ta kai kunnen Hajiya sai ta hana ta zuwa tashar.

"Wanda yaƙi ya ci ai ya tafi," in ji ta. "Ki bi su da addu'a. Me kika rasa a gidan nan?"

Haka aka shekara biyu. Wata safiya aka aike ta sayen gishiri shagon Maman Obinna, wata Ibo da ta daɗe a layin. Matar ta ga idanunta sun kumbura.

"Hafsat, dukanki aka yi?"

"A'a Mama. Yau na tashi na kasa tuno muryar uwata. Kuma ni ba Hafsat ba ce, sunana Yagana."

Maman Obinna ta saki ledar da ke hannunta.

"Yagana? Wayyo Allah! Kafin azumi wata mata ta zo nan, doguwa, tana ta tari, da yaro a hannu. Wani direba ne ya kwatanta mata gidanku. Ke kina wurin niƙa. Da kunnena na ji Hajiya ta ce mata yarinyar da ta taɓa riƙewa ta gudu tuni. A bencin nan ta zauna ta sha ruwa, ta tambaye ni, na ce ban san wata Yagana ba. Ta ce in na ji labari, suna wani kango a Tarauni."

Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta rufe shago. "Ni ma yaƙi ne ya raba uwata da 'yan'uwanta, har ta mutu tana nemansu. Taho mu je."

Suka hau Adaidaita, suna tafe suna tambaya, har suka iske kangon: gini ba rufi, an kakkafa buhuna a madadin ƙofa. Wata tsohuwa ta fito, ta ƙura wa Yagana ido, sai ta dafe ƙirji.

"Kamar an tsaga kara. Kin makara, 'yata. Juma'ar da ta wuce aka kai ta. Kullum sai ta fita nemanki gida-gida, har ƙafa ta gaza, tarin ya kwantar da ita."

Yagana ba ta yi kuka ba. Aka jawo wani yaro ramamme aka ce, "Bukar, ga yayarka." Ya dube ta kamar baƙuwa, ya koma bayan tsohuwar ya ɓuya.

A bakin katangar maƙabartar Tarauni ta tsaya, mai gadi ya nuna mata sabon kabarin daga nesa. A nan ne kukan ya zo mata.

Maman Obinna ta kai ƙara wurin mai unguwa. Da aka titsiye Hajiya sai ta ce, "Na ga ba su da wurin zama ne, gara ta zauna inda za ta ci ta ƙoshi."

"Kin tambaye ta?" in ji mai unguwa. Hajiya ta sunkuyar da kai.

Yagana ta ce, "Hajiya, da kin bar ni na gan ta ko sau ɗaya, wallahi da na dawo na ci gaba da yi miki aikin."

Ba ta sake taka gidan ba. Kangon ta koma, wurin ƙanin da har yanzu bai yarda ta riƙe masa hannu ba.

Jama'a, yaron da yaƙi ya jefo hannunku amana ne, yana da iyayen da ke can suna nemansa. Ku bar masa sunansa, ku taya shi cigiya, domin duk cin da za ku ba shi ba zai maye masa uwarsa ba.