Humrar Tasalla

A Fagge an ce Yahanasu ba ta haɗa humra sai ta zauna ta saurari labarin mai ita, kuma hancinta bai taɓa kuskure ba.

Tun da iskar gari ta toshe hancin kowa, hukuma ke raba ɗigon magani ɗaya a wata, mai buɗe hanci na minti goma. Da nata take gwada aikinta. Amma na wannan watan, kan jikarta sabuwar haihuwa ta shinshina da shi. Humrar da Malam Ilu ya roƙa, irin ta matarsa marigayiya Tasalla, da ka kawai ta haɗa ta.

Da hantsi Malam Ilu ya iso. Ta jera kwalabe, ta sake jerawa, ta kasa zama.

"Kin gwada ta, Hajiya?"

"Bismillah dai, Malam."

Ya ɗiga nasa maganin, ya ɗauki kwalbar humrar, ya rufe ido, ya daɗe yana shaƙa.

"Tasalla ba ta cika sandal haka," ya ce a hankali. Bai ajiye kwalbar ba har mintinsa suka ƙare.

"Malam," ta ce, "ban gwada ba. Na cinye maka watanka. Ka yafe mini."