Mai Gadin Ƙofar Turawa

Da hantsi Malam Ashiru ya fito daga ɗakin da yake haya a Gyaɗi-Gyaɗi, takardar sammaci a aljihun gaba. Lami mai ƙosai ta ɗago kai daga kasko.

"Baba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," ya ce, ya wuce ya tare adaidaita sahu zuwa Tarauni. Yau kwana arba'in ke nan da dakatar da shi daga aiki.

Shekara tara ya yi yana gadi a sansanin wani kamfanin ƙasar waje da gwamnati ta ba kwangilar hanya da magudanan ruwa. Komai na sansanin nan biyu ne. Ƙofa biyu, famfo biyu, wurin cin abinci biyu. Asibiti ne kaɗai guda ɗaya, yana bayan ƙofar gabas, wadda leburori ke kira ƙofar Turawa. Lebura baƙar fata ba ya shiga nan sai in shara ta kai shi. Jami'an ma'aikatar da ke duba aikin sun sha ganin haka, su ci abincin rana a ciki, su sa hannu su tafi. Makullin ƙofar kuwa a hannun Malam Ashiru yake.

Ranar wata Talata da azahar, ƙarfen rodi ya suɓuce daga injin ɗaga kaya ya faɗa wa wani lebura, Mubarak, ɗan shekara ashirin da huɗu. Abokan aikinsa suka ɗauko shi a guje zuwa ƙofar gabas. Taku arba'in ne tsakaninta da gadon asibiti. Malam Ashiru ya dubi wanda aka ɗauko, ya sunkuyar da kai, ya ce doka ce, a kai shi asibitin gari. A cunkoson titin Gidan Zu rai ya yi halinsa.

Da maganar ta yi ƙarfi a rediyo, majalisar dokoki ta naɗa kwamitin bincike, kwamitin kuma ya zo ya zauna a wani zauren taro.

Daraktan ma'aikatar da ke duba aikin ne ya fara magana. Ya ce a rubuce babu wata doka ta wariya, ya ɗaga fayil ya nuna. Lauyan kamfani ya ce allon hana baƙar fata shiga da ke jikin ƙofar tsohon abu ne, an ma cire shi makon jiya. Idan akwai laifi, in ji shi, na wanda ke riƙe da makulli ne. Malam Ashiru yana zaune a bencin gaba yana kallon fanka tana juyawa. Ya san in maganar ta tsaya a haka, ma'aikata ta fita, kamfani ya fita, shi kuma sai hannun 'yan sanda. Ya laluba ransa ko zai ji tsoro, bai tarar da komai ba.

Aka kira Felicitas, nas ɗin asibitin. Ta zo ne don ta cece shi. Ta ce mutumin kirki ne, sau biyu ma ya taɓa karya dokar: ya shigo mata da wani da siminti ya ƙona wa ido, da wani da maciji ya sara, duka a ɓoye, aikinsa a bakin wuƙa. Sai ga shi shaidar tata ta zame masa igiya.

Shugaban kwamiti, wani honorabul mai babbar riga da ƙaramin haƙuri, ya sa aka tsayar da shi.

"Malam, ashe ƙofar tana buɗuwa in ka ga dama?"

"Tana buɗuwa, ranka ya daɗe."

"To me Mubarak ya yi maka? Akwai jiƙaƙƙiya ne?"

"Yaron bai taɓa saɓa mini ba."

"Wane yaro? Mutum ya mutu a ƙofarka, ko sunansa ba za ka iya kamawa ba?"

Malam Ashiru ya mai da idonsa kan fanka. A ƙauyensu da ke bayan Garko, akwai abubuwan da dattijo ba ya yi ko wuƙa na wuyansa, balle a idon jama'a. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

"Ka buɗe wa biyu, ka hana ɗaya. Mene ne bambancinsu?"

"Waɗancan 'ya'yan mutane ne, ranka ya daɗe."

"Shi wannan fa, ɗan aljanu ne?"

Zauren ya ɗauki dariya. Lauyan kamfani ya rubuta wani abu yana murmushi. Wasu lebura biyu, mutanen Garko, suna can baya, su kam ƙasa suke kallo.

Shugaba ya duba agogo, don akwai wani zaman da la'asar. Ya yi raɗa da na damansa da na hagunsa, sannan ya karanta matsaya. Kwamiti bai samu hujjar wariya a rubuce ba. Ma'aikata ta ƙara sa ido. Mai gadi kuwa a miƙa batunsa ga 'yan sanda.

"Zauna," ya ce. Malam Ashiru ya zauna.

Har an fara tattara takardu sai Hajiya Nafisa, mace ɗaya tilo a kwamitin, ta tuna wa shugaba cewa ba a yi wa iyalan mamacin ta'aziyya ba. Shugaba ya gyara murya, ya jawo wata takarda da bai buɗe ba tun safe.

"Haka ne. An rubuta nan cewa marigayin ɗan fari ne a wurin mahaifinsa. Allah ya jiƙansa. In mahaifin yana cikin zauren nan, ya tashi mu gan shi."

Malam Ashiru ya dafa gwiwa, ya sake miƙewa.