Manhajar da Aka Toshe wa Baki

Yaya, tunda kin ce kin riga kin san wadda ta yi miki abin nan, ki ɗan dakata kafin ki ɗauki mayafi. Kin san karatuna bai yi nisa ba, amma maigidana sana'arsa ke nan, rubuta manhajar kwamfuta, kuma mai kai abinci ɗaki ba ta rasa jin wani abu. Ga wani misali da na tsinta.

Wani mutum ne ya rubuta wa wani ƙaramin asibiti manhaja, aka saka ta a kwamfutar da ke kan teburin karɓar mata. Aikinta ɗaya ne: a shigar da sunan jariri, da na uwarsa, da lambar waya, da ranar da za a dawo da shi riga-kafi. Wadda ke zaune a teburin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, da wannan kujerar take ciyar da su. Ba a yi wata biyu ba sai sunaye suka fara ɓacewa. Uwa za ta zo da goyonta, a duba, babu ita babu ɗanta, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Mai asibitin ya kira mai manhaja. Shi kuwa ya buɗe tasa kwamfutar a gida, ya shigar da suna hamsin, duk suka zauna daram. Ya ce to ai ba daga wajensa ba ne. Ya fara da zargin ɗauke wuta, aka sayo batir. Sunaye ba su daina ɓacewa ba. Ya ce cutar kwamfuta ce, wani ya soka mata filas, 'yar na'urar nan ta kwafar bayanai, aka wanke na'urar tas, aka liƙe ramin filas ɗin da salatif. Har wani abokin sana'arsa da ya taɓa neman aikin bai samu ba, sai da mai manhaja ya zarge shi, ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Da aka gama da kowa, ido ya dawo kan matar.

Ita da bakinta ta ce ta lura yawancin waɗanda ke ɓacewa matan ƙauye ne. Mai asibitin ya dube ta ya ce, "Wato kin ma san su." Daga nan ya yanke a ransa cewa raina su take yi, in sun zo sai ta taɓa madannai don a gani, ta sallame su. Ya ce mata ranar Juma'a ta ajiye makullin teburin.

Mai manhaja ya ce a bar shi ya kama ta da hannunsa. Ranar kasuwa, da matan ƙauye suka fi zuwa, ya jawo benci ya zauna a bayanta, yana yi kamar waya yake dannawa, alhali idonsa na kan yatsunta. Duk macen da ta wuce sai ya ja layi da biro a tafin hannunsa. Mata ashirin da uku, kuma kowacce a gabansa aka rubuta ta, aka danna wajen ajiyewa. Da azahar ya buɗe jerin sunayen, ya ga goma sha tara. Ya karɓi kwafin katunan takarda da ake bari a asibitin, ya ware na huɗun da suka ɓace, ya jera su a kan bencin. Abu ɗaya ya haɗa su: gurbin lambar waya fayau yake, babu komai. Ya tambaye ta dalili. Ta ce, "Malam, ba su da waya. Me zan rubuta?"

Nan take ya tuna. Ranar da ya kawo manhajar, mai asibitin na tsaye a kansa, wani jan akwatin gargaɗi ya faɗo kan allo yana cewa an bar gurbi babu komai, ba a ajiye sunan ba. Kunya ta kama shi. Ya koma gida ya rubuta layi uku da suka ce wa manhajar in ta ci karo da matsala ta yi shiru ta wuce. Niyyarsa ya dawo ya gyara asalin abin, sai ya manta. A gida kuwa duk gwajin da yake yi, lambarsa yake cusawa a gurbin, shi ya sa bai taɓa ganin komai ba.

Gyaran bai kai tafasar ruwan shayi ba. Babu wanda ya ga abin da ya goge, kuma da ya so, da ya tashi ya tafi abinsa, matar ta tafi da laifin. Ya daɗe a zaune yana kallon layukan biro a tafin hannunsa, sannan ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar mai asibitin, ya faɗa masa laifin nasa ne. Da aka kira matar aka ba ta haƙuri, ba ta ɗaga kai ba. Cewa kawai ta yi, "A ba ni katunan wata biyun nan in sake shigarwa. Akwai yaran da ranar allurarsu ta wuce."

To Yaya, ni dai ban ce wance ba ta yi ba. Amma kafin ki fita, ki ɗan leƙa ɗakinki tukuna. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.