Kilo Biyun Filibus

Ranar Litinin, tara ga watan Mayu, 1977, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, Filibus ya tuɓe rigarsa ya hau sikelin rumfar awon amfanin gona a kasuwar Abuja, garin da yau ake kira Suleja. Mahaifinsa Ishaku, akawun sikelin, ya matso dab da shi, babbar rigarsa tana sharar ƙasa, ya tura ƙarfen awo a hankali har sandar ta tsaya.

"Sittin da biyu," in ji shi.

Oga Adebayo ya ja tsaki. Shi ne bakaniken Gauraka da ya haɗa ƙarfen ɗagawa da tsofaffin kayan injin babbar mota, ya shekara uku yana horar da Filibus a bayan garejinsa. Ranar ashirin ga Yuni za a zaɓi 'yan wasan sabuwar jiha a Minna, masu zuwa gasar ƙasa a Kaduna. Gurbi ɗaya ne ya dace da Filibus, na masu nauyin kilo sittin. Wanda ya haura ko da rabin kilo, ba za a bar shi ya taɓa ƙarfe ba. Ana kuma raɗe-raɗin cewa sojoji kan zo gasar su ɗebi ƙarfafa su sa su aikin soja.

"Kilo biyu kawai, Baba," Filibus ya ce yana dariya. "Mako ɗaya ya ishe ni."

Ishaku ya mai da ƙarfen awo wurinsa. Tun da babban ɗansa ya hau motar sojoji shekara goma da suka wuce, bai kuma dawo ba, maganarsa ta ragu.

Oga Adebayo ya tsara horo. Da hantsi Filibus zai sa rigar ruwa ta roba, ya yi gudu daga Iku zuwa Gauraka, ya komo. Babu tuwo, babu doya, babu manja. Ɗanyen ƙwai biyu da cokalin man kifi da safe, da yamma ganye da lemun tsami. Ya bi wannan tsari kamar yadda yake bin dokokin coci.

Litinin ta zagayo. Sittin da biyu.

Sai aka rage ruwan sha zuwa kofi biyu a yini. Aka ba shi gwangwanin madara ya riƙa tofa yawu a ciki yana tafiya. Litinin ta uku, sittin da ɗaya da rabi. Ta huɗu, sittin da biyu kuma.

"Kana satar tuwo!" Oga Adebayo ya daka masa tsawa a gaban mutanen kasuwa. "Uwarka tana ba ka a ɓoye, ko? Ragon banza. Shekara uku na ɓata a kan buhun dusa."

Masu dako suka kwashe da dariya. Filibus ya dubi mahaifinsa.

"Ni abin da sanda ta nuna nake faɗa," Ishaku ya ce, idonsa a kan ƙarfen awo.

Daga nan Filibus ya daina jiran umarnin kowa. Ya fara shan jiƙon kanwa don cikinsa ya wanke. Ya mai da gudun sau biyu, na biyun da tsakar rana, rigar robar tana manne masa kamar fata. Ya huda sabon rami a ɗamarar wandonsa, bayan kwana biyar ya huda wani. Mahaifiyarsa Daso takan ajiye masa kunu a bakin ƙofa, ya tsallake shi ya wuce. Haƙarƙarinsa suka fito, idanunsa suka faɗa, fitsarinsa ya koma kalar shayi. Sikeli kuwa, sittin da ɗaya da rabi.

"Malam, ka hana shi," Daso ta roƙi mijinta. "Ɗan nan ƙarewa yake yi."

"Zai gaji ya bari."

Bai bari ba.

Ranar Alhamis, sha shida ga Yuni, da ƙarfe huɗu na yamma, Oga Adebayo ya ɗora masa nauyin da ya saba ɗagawa ba tare da ya ja numfashi ba. Filibus ya kai shi ƙirji. Ya tura shi sama. Sai garejin ya juya masa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ƙarfen ya sauko masa a gadon baya. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar kamar an taka busasshen kara.

A asibiti, kafin a ba shi magani, wani ma'aikacin jinya ya rungume shi kamar jariri ya hau sikeli da shi, sannan ya cire nasa nauyin. Ya sake lissafi. Hamsin da huɗu.

Filibus ya girgiza kai a kan matashi. "Sikelinku ya lalace," ya ce. "Babana ne ya auna ni ran Litinin."

Ranar ashirin ga wata motar Minna ta tashi da wani matashi daga Tafa a gurbin Filibus. Ga waɗanda suka rage a gari.

Oga Adebayo, wanda ya sayar wa maƙera da ƙarfen, bai kuma taɓa zuwa dubiya ba.

Daso, wadda ke juya ɗanta safe da yamma don kada bayansa ya yi gyambo.

Filibus, a kan tabarma a zaure, ƙafafunsa ba sa jin ko cizon sauro, yana tambayar kansa a ina ya kasa.

Da Ishaku, wanda ya shekara talatin yana cusa babban yatsan ƙafarsa a ƙarƙashin farantin sikeli don rage wa manoma awo, Litinin shida kuwa ya ɗora shi a saman farantin ya danna don ƙara wa ɗansa nauyi, wanda kuma in aka zo masa jaje yakan ce, "Mun gode Allah. Wannan dai yana gida."