Fangali na Uku

"Iri talatin cif, a ce ko ɗaya bai tsiro ba? To wa ke riƙe da makullin lambun?"

Amarya tana wanke-wanke a bayan kicin ta jiyo faccalarta, matar Yaya Babba, tana wannan tambaya. Kowa ya san makullin yana ɗaure a bakin zaninta.

Lambun na Inna ne, surukarta. Wani ɗan fili ne cikin filayen da ake ba mutane a bayan layin dogo, kuma ƙa'idar wurin ɗaya ce: wanda ya kasa aikin nasa, a ba wani. Shekara ashirin Inna tana shuka dankalin turawa a can, fangali uku, kowanne layi uku, kowane layi iri goma, tsawon ƙafa ɗaya tsakani. Yaya Babba ya daɗe yana cewa ta huta haka nan, ta koma ɗakin baya a gidansa, matarsa ta karɓi lambun. Inna takan ce ranar da aka kai ta ɗakin nan, a haɗa da likkafani.

Ranar shuka ba ta yarda kowa ya shiga. Kwana uku a jere, kowace rana sai amarya ta ƙirga iri talatin a kwando, ta kai mata bakin ƙofa, ta juyo. Daga nan ban ruwa ya zama aikinta.

Bayan sati uku fangali na farko ya cika maƙil da ganye, har maƙwabta suna leƙowa ta shinge. Na biyu ya fito layi-layi, tsaf. Na uku kuwa ƙasa ce kawai.

Zance bai da wuyar haɗawa. Gidan su amarya ba su da ƙarfi, kuma an ga ta kai wa mahaifiyarta ziyara da jaka a hannu. Zannuwan wanki ne a jakar, amma da aka tambaye ta, sai kawai ta sunkuyar da kai.

Inna ce kaɗai ta tsaya mata. "Ku bar mini yarinya! Wannan ko allura ta tsinta sai ta yi cigiya." Ta faɗa da safe, ta sake faɗa da rana da kalmomin nan dai, har faccalar ta ce, "Mun ji, Inna, ai kin faɗa."

Da yamma mijinta ya shigo ɗaki, ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba.

"Yaya ya ce jibi za a zauna. In ba a gano inda irin ya shiga ba, ki ɗan je gida tukuna."

"Kai ma ka yarda?"

"Ni dai ki ba ni abin da zan faɗa musu. Ko mene ne."

Ta san wannan "tukuna". Yayarta ma tukuna aka ce mata, yau shekara huɗu.

Washegari da hantsi ta je lambun, ta durƙusa a fangali na uku ta hau tono da hannu. Addu'a take ta sami ruɓaɓɓen iri, ko ramin ɓera, ko ɓawo, abin dai da za ta ɗaga ta nuna. Ta bi layi uku daga farko har ƙarshe, farcenta guda ya karye, jini ya cakuɗe da laka. Babu komai. Ƙasar ma a daskare take, kamar ba a taɓa huda ta ba.

Ta zauna daɓas, hawaye na zuba. Idonta ya sauka a kan fangali na farko. Karatunta bai yi nisa ba, amma ƙidaya ba ta taɓa ba ta wuya ba. Ta dubi na biyu, inda ƙafarta ke shiga tsakanin shuka da shuka, ta sake duban na farko, inda ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Ta rarrafa ta buɗe ganyen, tana laluba gindi ɗaya bayan ɗaya. Layin farko ashirin. Na biyu ashirin. Na uku ma ashirin.

Sittin! Ba a saci komai ba. Irin yana nan a gaban kowa, ana ta yaba shi.

Ta miƙe tana dariya tana share hanci. Ba sai gobe ba, yanzu za ta kamo hannun faccalar tata ta kawo ta, ta ce ƙirga da bakinki.

Sai ƙofar lambun ta yi ƙara. Inna ce, da kwando a ka, cike da dankalin da aka sayo don abincin rana. Ta wuce fangali na uku ba ta dube shi ba, ta wuce na biyu, ta sauke kwandon a gaban na farko, ta durƙusa tana ture ganyen gefe kamar ciyawa.

"Yauwa 'yar albarka, gara da na same ki. Miƙo mini fartanya. Kowa ya gama shuka, mu bana ko farawa ba mu yi ba."

Amarya ta kalle ta, ta gane Inna ce ta shuka fangalin sau biyu, ta kuma manta. Sannan ta tura ƙofar lambun ta rufe don kada maƙwabta su hango, ta miƙa mata fartanyar, ta ƙudura a ranta cewa gobe ko me za su yanke, ba wanda zai ji wannan daga bakinta.