Mai Kafa Tanti Zai Tafi Yankari

Da hantsi Mailafiya ya tarar da Yalwa a bakin hanyar Misfala a Makka, tana sayar da hatsin da alhazai ke watsa wa tattabarun Harami. Ya tsuguna nesa kaɗan, kamar mai saye.

"Na samu aiki, Yalwa. Wani alhajin Bauchi ya ga yadda nake kafa tantuna a Mina. Ya ce an buɗe dajin Yankari, baƙi na zuwa ana zagayawa da su kallon giwaye, su kwana a tanti mai gado da fitila. Ni zan riƙa kafa musu. Ki yarda a ɗaura mana aure, mu tafi."

Ba ta ɗago ba. "Inna fa?"

Ya san kakar tata. Da ƙafa ta taso daga Sakkwato, ta keto Sudan, don kawai ta cika a ƙasar nan. Yanzu ta makance, Yalwa ce idonta.

"To ka je ka dawo," in ji Yalwa.

"Ba ni da takardar zama a ƙasar nan. Irina in ya fita, ya fita ke nan. In na zauna kuma, Inna ta ce ba ta ba mai aiki sau ɗaya a shekara jikarta."

Yalwa ta daɗe tana juya hatsin. Sannan ta cika masa tafin hannu, yadda take yi wa alhazai masu bankwana.

"Watsa wa tattabarun, ya Mailafiya. Su dai ba mai raba su da garin nan."